Kifin da Bai Kai Takalmin Baba Ba

Duk wanda ka tambaya a layinmu na unguwar Manfuha, a nan Riyad, zai ce maka ruwan ne ya lalace, shi ya sa kifi ya ƙare a tafkin nan. Wasu su ce zafi ne. Ƙarya ne duka. Ruwan yana nan yadda muka san shi, kore, da ɗan warinsa. Mu muka cinye kifin, kuma daga hannuna abin ya fara.

Babana direba ne a wani sito da ke unguwar Sulay, amma ɗan masunta ne daga bakin kogin Haɗeja. Shekaru ya yi a Riyad bai taɓa ƙugiya ba, sai ranar da ya kai kaya bayan unguwar Shifa, ya ɓata hanya, ya faɗa wani kwari. A can ya ga ruwan da ke fitowa daga gari ya taru ya yi tafki a tsakanin duwatsu, ciyawa ta kewaye shi, karfasa tana wasa a ciki. Mama ta ce ran nan da ya dawo ko abinci bai iya ci ba don zumuɗi.

Daga nan kowace Juma'a, da an idar da sallar asuba, sai tafki. Ni ce 'yar rakiya, don ni kaɗai suka haifa, kuma Mama ta gaji da bakina a gida. In zura abaya, in ɗauki bokiti, mu hau tsohuwar motar da kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, yake bar masa ran hutu. Kafin hantsi mun dawo ya shirya wa masallaci. Mutumin da sati guda ba ya haɗa magana goma, a bakin ruwa har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Dokokinsa ne suke ba ni haushi. Yana da wani tsohon takalmin roba, ƙafar dama, da yake ajiyewa kan dutse. Duk kifin da ya kama sai ya kwantar da shi a kai. In bai kai tsawon takalmin ba, ya zare ƙugiya a hankali ya mayar da shi ruwa. In ya kai, sai ya buɗe bakinsa ya leƙa, don macen karfasa a baki take riƙe ƙwanta. Ya ga ƙwai, ita ma ta koma. Kuma huɗu kawai muke ɗauka: nasa, na Mama, nawa, da ɗaya na duk wanda Allah ya kawo.

"Baba, tun ɗazu muke zaune, ka kama tara ka zubar da shida. Wai don Allah mene ne amfanin?"

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ƙaramin bai haihu ko sau ɗaya ba. In kin cinye shi yau, wa zai haifa miki na baɗi?"

"To huɗun fa? Wa ya ƙirga maka?"

"Juma'a mai zuwa ce take ƙirgawa."

Wata rana na karanta masa a waya cewa a wasu ƙasashe rubutacciyar doka ce ga masu fatsa don nishaɗi: ga tsawon da kifi zai kai kafin ka ɗauka, ga adadin da za ka tafi da shi a rana, har da ma'aikaci mai zagayawa da abin awo. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ashe su ma suna da takalmi."

Shekarar da na gama sakandare ya kama wata tarwaɗa, tsawonta ya kusa hannuna. Na ɗauki hoto. Ya ce kar in nuna wa kowa. Kafin mu iso gida na tura wa ƙawata, ita ta nuna wa yayanta, yayan nata magini ne, su goma sha wani abu ne a ɗaki ɗaya a Sulay. Ta tambaye ni ina ne wurin, na kwatanta mata tsaf, har da inda ake sauka daga kwalta. Ban yi tunanin komai ba. Ina son a san babana ya iya wani abu bayan tuƙi.

Juma'a ta biyu muka tarar da su. Mutum bakwai, wanduna a naɗe, sun ɗinke gidan sauro biyu sun yi taru da shi. Gidan sauro fa! Abin da ko sauro ba ya wucewa. Suka ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, suka juye a kan buhu. Manya, ƙanana, masu ƙwai a baki, har waɗanda ba su wuce ɗan yatsana ba, duk suna ta tsalle a rana.

Baba ya yi musu sallama, ya tsuguna kusa da babbansu, wani dattijo ɗan wajen Maraɗi da nake ce wa Kawu.

"Malam, ku ɗebi manyan, Allah ya sa albarka. Waɗannan 'yan ƙananan a mayar."

"Haba Alhaji, ai su ne daɗin. A soya da yaji, ko ƙaya ba ka cirewa."

"In kun yi haka wata uku, ba sauran na soyawa."

"Alhaji, kai da iyalinka ku uku ne. Mu ka ga yawanmu, kullum shinkafa da kazar kankara. Mun bari, wasu su kwashe gobe. Kuma baɗi? Wa ya ce maka baɗi muna ƙasar nan?"

Ɗaya daga cikin samarin ya hango takalmin a kan dutse, ya ce, "Kai, ku zo ku ga sikelin Sarkin Ruwa!" Suka fashe da dariya. Ba da mugunta ba, shi ya fi ƙona mini rai.

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. A mota na fashe.

"Mu kira baladiyya mana, hukumar gari! Su zo su hana."

"Su zo su fara tambayar me?"

Na sani. Iƙama za su fara tambaya, katin zama. A cikin bakwai ɗin nan na san biyu da katinsu ya mutu, har da yayan ƙawata.

"A gida," in ji Baba, "sarkin ruwa zai ce an rufe ruwa, kowa ya naɗe komarsa, don kowa ya san jikansa a nan zai yi su. Nan ba ni da sarauta, ba ni da ruwa. Wanda ke da ikon hanawa kuma ba kifi zai tsare ba, mutane zai kwashe. In sa a kori mai 'ya'ya shida saboda karfasa?"

Bai taɓa tambayata yadda aka yi suka san wurin ba. Da ya tambaya, da na ji sauƙi.

Haka muka yi ta zuwa muna kallo. Bakwai suka zama ashirin, har da waɗanda ba yarenmu ɗaya ba. Baba yana gefe da ƙugiyarsa, yana auna kifi da takalmi, yana mayarwa, taru yana kwashe wanda ya mayar a gaban idonsa. Na ce masa, "Baba, su kake yi wa kiwo." Ya ce ya sani. Huɗu suka koma biyu. Biyu suka koma ɗaya. Wata Juma'a muka zauna har rana ta ɗaga, bai kama ko ɗaya da ya kai takalmin ba. Ya naɗe zarensa, ya juye bokitin, muka taho. A hanya bai yi waƙa ba.

Bai sake komawa ba. Su Kawu ma da abin ya daina cika buhu sai suka rage zuwa, suna cewa ruwa ya lalace. Yanzu ran Juma'a Baba yana dawowa daga asuba ya zauna a falo, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon fanka. Mama ta ajiye masa shayi ya huce. Takalmin yana bayan ƙofa. Sau biyu Mama ta so ta jefar, tana cewa ina amfanin ƙafa ɗaya, na karɓe.

Na sha juya abin a raina. Ba zan iya hana taru ba. Ba zan iya tuƙi ba, ba zan kira kowa ba, kuma in na tsaya ina yi wa maza ashirin masifa dariya za su yi. Abin da na tuna guda ɗaya ne. Sama da tafkin, bayan ciyawar, akwai wani ɗan gurbi mai zurfi tsakanin duwatsu inda taru ba ya shiga. Kuma duk ranar da suka ja, akwai 'yan mitsi-mitsin da suke bari a laka suna numfashi, don ko su sun raina su.

Wataƙila su mutu a bokiti. Wataƙila gurbin ya ƙafe da rani. Wataƙila, yadda Kawu ya faɗa, baɗi ba ma ƙasar. Amma na wanke bokitin, na saka takalmin a ciki, na ajiye inda Baba zai yi tuntuɓe da shi in ya dawo daga asuba. Zan ce ya kai ni, ba sai ya sauko daga mota ba. Zan bi laka in tsince duk mai rai, in kai gurbin can, Juma'a bayan Juma'a. Wayata kuma a gida zan bar ta.