Telan Kudai da Ya Hana Ɗan Kafilinsa Riga

Kafin motocin farko su fara kwasar mutane daga tashar Kudai da ke Makka, Malam Ɗan'azumi ya riga ya dawo daga sallar Asuba, ya ɗaga ƙofar shagonsa, ya ɗora butar shayi. Ni ne maƙwabcinsa na bango ɗaya, mai sayar da jakunkunan alhazai, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ƙarar ƙofar nan ce agogona. Zai sha kofi biyu, ya tsiyaye ganyen ya juye a wani tsohon gwangwanin madara, sannan ya hau keken ɗinki. Daga nan sai aikin da ya riƙe shi shekara ashirin da takwas a Makka: rage tsawon jallabiya, sauya zif, ɗinke jakar alhajin da ya cusa dabino har ta fashe. Rabin jakunkunan da ke fashewa a wajena aka saye su, amma wannan wata magana ce daban.

Watan gobe zai koma gida gaba ɗaya. Ido ya fara gardama da ramin allura, kuma jikoki sun matsa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona tun yana nan, ya ji, ya yi mini faɗa, ya huce.

Da yawa daga masu kawo masa ɗinki ba su san ɗan maharbi ba ne. A wani ƙauye a gefen dajin Falgore aka haife shi, mahaifinsa kuwa da burtu yake farauta: ya ɗaura sassaƙaƙƙen kan tsuntsun a goshi, ya lulluɓa da baƙin mayafi, ya riƙa rarrafe yana sarar ƙasa har ya shiga tsakiyar namun daji ba su ankara ba. Ɗan'azumi ya bi shi da kwari da baka tun yana ƙarami. Sai Allah Ya kawo shi garin da ko tattabara ba a kora da mugun nufi. Ya ajiye bakan a zuciyarsa ya kama almakashi. Abin da ya kasa ajiyewa shi ne yawon dutse. Kowace Juma'a da sassafe zai fita bayan gari ya hau tsauni, ya duba sawu, ya dawo yana ba ni labarin zomon da bai taɓa ba.

A shekarar 2016 farautar ta biyo shi har shago. Kafilinsa, wato mutumin da takardar zamansa ke ƙarƙashin sunansa, Alhaji Abdulwasi'u ne, Bahaushen Makka wanda kakansa ya zo da ƙafa. Tsufa ya zaunar da Alhaji, harkoki suka koma hannun ɗansa Majid. Majid mutum ne mai fara'a da saurin fushi, Hausarsa kuma gurguwa ce, sai ta dogara da Larabci take tafiya. Ya shiga harkar harbi da irin bakan nan na zamani mai 'yan tayoyi a kai da gindi, ya kuma yi odar rigar ɓuya ta intanet, wadda yake kira gili. Ranar da ya shigo da ita, damtsensa na hagu ya yi jawur.

"Ya ammi, shuf," ya ce. "Tsarkiya ta kama riga, ta mare ni. Kuma zomo yana ganina daga nesa, wallahi kamar an yi masa waya."

Malam ya ce ya saka ya gani. Majid ya saka. Riga ce koriya shar, gashi buzu-buzu tun daga kai har ƙafa, kamar an tumɓuke bishiyar mangwaro an koya mata tafiya. Na yi dariya har na riƙe bango. Malam bai yi ba. Ya zagaya shi sau biyu, sannan ya ce, "Wannan ta dajin da ake ruwa ce. Ka taɓa ganin kore irin wannan a dutsen Hijaz? Ba riga ake fara zaɓa ba, ɗana, ƙasa ake fara dubawa. Je ka ɗebo mini tsakuwa da yashin wurin da za ka."

Daga nan na san amfanin gwangwanin madara. Malam ya samo tsofaffin buhunan algarara na shinkafa, ya warware su zare-zare, ya rina wasu da ganyen shayi, wasu da dusar gahawa, wasu da toka, yana gwada kowanne a kan tsakuwar Majid. Ya ɗinka raga a bayan wata tsohuwar riga mara nauyi, saboda zafinmu ba ya son wargi, ya riƙa ƙulla zaren ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba. Ya ce abin da aka jera ido yana kama shi. Hannun hagu da gefen ƙirji ya aske su tas don hanyar tsarkiya. Hular ya rage mata gefen dama, inda hannu ke zuwa kunci in an ja baka. Sai da Majid ya ja bakan nan sau ashirin a cikin shago, a tsaye da durƙushe, Malam yana bin sa da almakashi, ni kuma ina kare jakunkunana.

Ya kuma yi masa karatun da mahaifinsa ya yi masa. Riga ba ta farauta, in ji shi, haƙuri ke yi. Ka sa iska a fuskarka. Ka saki toka ka ga inda ta nufa. In dabba ta ɗaga kai, ka zama dutse, ko da tururuwa na cin ƙafarka. In za ka soka ciyawa a raga, ka tsinka ta wurin da kake, kada ka kawo ta wani wuri. Ta cikin Harami kuwa ko kallon sha'awa kada ka yi mata.

Majid ya tafi can nesa, inda aka yarda a yi farauta, ya dawo bayan kwana biyu fuska a murtuke. Ko inuwar zomo bai kusanta ba. Malam ya karɓi rigar, bai ma buɗe ledar sosai ba ya ɗago kai.

"Wa ya turara ta?"

Ashe Ghada, matar Majid, ce ta ga tsumma mai warin buhu a ɗakinta, ta ce mijinta ba zai fita a haka mutane su zage ta ba. Ta kifa rigar a kan kasko ta ba ta turaren wuta mai tsada har ya kama. Wace matar Makka ce za ta yi wani abu daban? Ranar Malam ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da hawaye. Ya ce, "Ka gaishe ta, ta iya aure. Amma zomo ya ɗauka ango ne ya zo." Ya wanke rigar da ruwa zalla, ya binne ta cikin buhun yashi, ya ce a dawo bayan mako guda.

Da makon ya cika, Majid ya zo da murna. Ya ce wannan karon ba sai ya yi nisa ba. Suna da istiraha, ɗan gidan hutu a bayan gari, kuma kwarin da ke bayanta cike yake da zomaye. Can zai gwada.

Malam ya ajiye almakashi. "Kwarin da ke ƙarƙashin baƙin dutsen nan mai tsaga biyu?"

"Aiwa, shi."

"Cikin Harami yake."

"La, ya ammi. Iyaka tana kan titi, mun wuce ta."

"Titi ya karkata, iyaka ba ta bi shi ba. Alamar tana kan dutsen, bayan kwarin. Na zauna a inuwarta ya fi sau goma."

Fuskar Majid ta sauya. A gabana ya ce shi haifaffen Makka ne, ubansa ma haka, ba tela ne zai zo daga Najeriya ya nuna masa iyakar garinsu ba. Ya miƙa hannu a ba shi rigarsa. Malam ya sa ƙafa ya tura buhun yashin ƙarƙashin keke.

"Ba zan ba ka ba. Ni na ɗinka ta. Tana ɓoye mutum daga zomo, ba ta ɓoye shi daga Mai zomon."

Majid ya ce, "Tayyib," wato "to, shi ke nan," ya fita. Kowa a layinmu ya san abin da wannan tayyib ɗin ke ɗauke da shi. Saura kwana ashirin da uku iƙamar Malam, wato takardar zamansa, ta ƙare, kuma ba wanda zai sabunta ta sai Majid.

Ba zan yi ƙarya ba, ina cikin waɗanda suka ce ya ba da rigar. Na ce masa laifin na mai harbi ne, ba na tela ba. Na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ya tuna da iyalinsa. Matarsa Batulu kuwa sai ta aiko a tambaye ni kuɗin manyan jakunkuna guda huɗu, kuma wannan ya fi kowace magana ciwo. Shi dai yana zuwa, yana ɗora shayi, yana ɗinki. Na lura kofi ɗaya yake sha. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, wayar Majid shiru.

Malam Ɗan'azumi, kai ne ka ji kunyar Allah a lokacin da mu maƙwabtanka muke jin tsoron takarda. Kai ne ka san za a iya rufe shagon nan a kan zomon da ba naka ba, wanda bai ma san kana yi ba, ka ƙi motsawa. Na Batulu, burtu mai tafiyar sannu. Na ba ka shawarar banza da zuciya ɗaya, ka saurare ni da ladabi, ka ƙi bi. Na gode da ba ka bi ba.

Ranar ta goma sha takwas, da hantsi, sai ga Majid. Farar jallabiyarsa ta yi kaca-kaca da ƙura, takalminsa ɗaya ya tsinke, gwiwarsa a ƙuje. Ashe abin ya tsaya masa a rai. Ya hau dutsen nan da kansa, da niyyar ya ɗauko hoto ya zo ya kunyata tela. Ya kai ƙoli yana haki, sai ga alamar iyaka a tsaye, daidai inda aka ce masa, kwarin zomayen kuma shimfiɗe a cikin Harami. Gani ya kori ji.

Ya daɗe a tsaye a bakin shago. Sannan ya sunkuya ya sumbaci kan Malam kamar yadda ake yi wa uba a nan, ya ce, "Samihni, ya ammi. Ka yafe mini. Da na harba, da me zan gaya wa Allah? Da me zan gaya wa Baba?"

Malam ya ce, "Zauna ka sha shayi. Miƙo takalmin in ɗinke."

Kafin La'asar saƙon sabunta iƙama ya shigo wayar Malam. Batulu ta fasa sayen jakunkuna, na yi asarar ciniki mafi daɗi a rayuwata. Da lokacin farauta ya zagayo, Majid ya ɗauki Malam a mota suka yi tafiyar awa uku daga Makka. Majid ya rantse mini cewa tsohon nan ya saka rigar, ya kwanta a tsakuwa, shi da ya san inda yake ya neme shi ya rasa har sai da ya yi tari. Sun dawo da zomo biyu. Daga baya abokan Majid suka yi ta kawo aiki, kuma kowanne sai ya faɗi inda zai je kafin a auna shi. Wanda ya yi ƙwauron baki, ya tafi da buhunsa.

Kwanan baya, muna ɗaure kayansa, na tambaye shi ko bai ji tsoro ba a kwanakin nan.

Ya ce, "Na ji mana. Har gudawa na yi." Ya ja igiya ya ƙulle. "Amma na zo garin nan ne don darajarsa. In sai na taimaka an keta ta za a bar ni in zauna, to zaman me nake yi?"

Mun gode, Malam. Mun gode da jallabiyoyin da ka rage, da jakunkunan da ka rufa wa asiri, da dariyar da ka ba mu, da wannan amsar da har yanzu take hana ni sakat. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya ƙara wa idon nan haske ka ga jikokinka da kyau, Ya sa ka dawo mana da Umara.

Mu kuma da muka rage, direbobi da magina da masu shaguna, kowannenmu takardarsa tana hannun wani, kuma kowannenmu akwai ranar da za a ce ya miƙo abin da ya san bai kamata ya miƙa ba. In ranar ta zo, a tuna an yi wani tela a Kudai, da saura kwana ashirin da uku a takardarsa, ya ce a'a.