Jirgin Ruwan Ila Mai Hanci

Ku da kuka san Malam Ila bakanike, na san abin da zai fara faɗo muku a rai hancin nan nasa ne. Mutum yana tafiya lafiya lau a bakin titi, sai ya ci birki, ya ɗaga kai sama, ya shaƙi iska sau biyu, ya ce, "Wani na ɓarnar mai!" Kuma wallahi sai ya bi warin nan lungu-lungu har ya gano babur ɗin da ke ɗiga, ya ɗaure tiyon, ya yi wa mai babur faɗa, sannan ya tuna inda za shi. Ni ne telan da shagonsa ke jingine da garejin Ila a nan Daura, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Shekarun da kuɗin mai ya sauko wa ƙasar nan, kowa ya zare. Masinja ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi rediyo mai kaset, ni kaina na ƙara keken ɗinki. Ila kaɗai ke tsaga tsinken ashana biyu da reza. In ka ce masa, "Haba Malam, ƙasa ta yi arziki," sai ya ce, "Ƙasa ce ta yi, ba ni ba."

Akwai wani Alhaji ɗan kwangila da ya zo sallar la'asar da sabuwar mota fil, ya bar ta a kunne a ƙofar masallaci don kada sanyin ciki ya gudu. Ila ya riga ya shiga sahu. Sai na ga hancin ya motsa. Ya fita, ya kashe motar, ya jefa makulli a aljihu, ya dawo ya ta da kabbara. Ana sallamewa Alhaji ya hau kumfar baki.

"Wane ne ya kashe mini mota?"

"Ni ne, Alhaji. Ita ba salla take ba, ba tafiya take ba. To shan me take yi?"

Alhajin nan dai shi ne ya kawo mana jirgin ruwan. Ya saye shi na hannu a Ikko wajen wani Bature, irin ƙaramin jirgin nan mai gudu da ake ɗaura wa igiya ya ja mutum a kan katako bisa ruwa. Ka ji fa, a Daura! Garin da babban ruwanmu rijiya ce. Aka kai shi tafkin da ke hanyar Dutsi, wanda ke cika da damina ya janye da kaka, jirgi ya ƙi tashi sam. Alhaji ya ji kunya, ya sa aka jibge shi a garejin Ila, ya ce, "Na bar maka, kaji su kwana a ciki."

Mu dariya muka yi. Ila bai yi ba, don yana da dalili. Matarsa Hajo 'yar masunta ce daga bakin kogi can wajen Yawuri, ya auro ta tun yana bin manyan motoci. Ta tashi a cikin kwalekwale, ta zo ta tsufa a garin yashi, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. A shekarar nan ciwon ƙirji ya sa ta gaba, tari ba dare ba rana, tafiyar Yawuri kuwa ta fi ƙarfinta. Ila ya faɗa mini da bakinsa cewa ta ce ba ta da sauran buri sai ta ƙara jin ruwa na motsi a ƙarƙashinta. Ya ce, "Tela, na yi mata alkawari. Kafin tafkin nan ya janye sai ta hau."

Cikin sati biyu ya ta da injin. Ya wanke kafireto, ya goge fulogi, ya canza tiyo. A gareji inji na ruri kamar zaki. Sai dai ba ya barinsa ya yi minti biyu, zai kashe, wai mai na ƙonewa a banza.

Ranar gwaji ya ja ni, ni da ko a kwatami ban iya iyo ba. Jirgi ya ɗaga hanci, ya tsaga ruwa, hulata ta tafi, ina ta salati. Muna kaiwa tsakiya sai inji ya yi tari, ya rage ƙarfi, ya farfaɗo, ya sake tari, ya yi ɗif. Ila ya buɗe tanki ya leƙa, mai na nan dam. Ya rufe, ya murza, inji ya tashi kamar ba shi ba. Ba mu yi nisa ba ya sake mutuwa. A karo na huɗu batir ya gaji, muka koma tuƙi da farantin da muka ci ɗanwake. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu a gaɓa ya ɗaga murya.

"Malam, in kawo sa ya jawo ku?"

"San naka ya san kafireto?" in ji Ila. "To ka riƙe abinka!"

Daga nan fa aka shiga. Ya ce fulogi ne, ya hau keke har Kongolam da ke kan iyaka ya sayo na Nijar, wai sun fi ƙarko, bai yarda ya hau mota ba. Ba su ba ne. Ya ce famfon mai ne, ya kwance shi ya ɗaura sau uku. Ya ce ruwa ne a cikin fetur, ya tace shi da sabon ƙyallen da ya yanka a shagona ba da sanina ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Kullum labarin ɗaya ne: a gareji lafiya, a ruwa tari. Wani malami ya ba shi shawara a yanka baƙin zakara don mutanen ruwa. Ila ya ce, "Allah gafarta Malam, in aljanu ne, me ya sa suke jira sai mun yi minti goma? Agogo gare su?"

Muna dariya, amma ni na ga abin da wasu ba su gani ba. Ila ya kafa wani tsinke a bakin tafkin, duk zuwa sai ya duba inda ruwa ya koma. Gero ya nuna, an fara yanka, ruwa na ja da baya. Tarin Hajo kuwa ta katanga nake jiyo shi ina ɗinki. Mutumin da ba ya zama sai na same shi zaune a kan taya, ya zuba wa injin ido. Ya ce, "Tela, duk motar da ta shigo garin nan na san ciwonta. Wannan guda ɗaya da nake roƙo ya ƙi ni." Tausayinsa ya kama ni.

Hajo ce ta raba gardama. Ta ce a kai ta haka nan.

"Zai mutu da ke a tsakiyar ruwa," in ji Ila.

"To, Malam, ai tsakiyar ruwan nake so."

Da hantsi muka kai ta a motar itace, an shimfiɗa mata tabarma da matashi. Muka ɗora ta a jirgi, ta saki hannu a cikin ruwa ta lumshe ido. Jirgi ya tashi, ya yi tafiyarsa, ya kai inda ya saba, ya yi tari, ya mutu. Ila ko kallonta bai iya yi ba. Ya murɗe murfin tanki don ya leƙa mai kamar kullum, tankin ya yi wani "fuuu".

Hajo ta buɗe ido. "Malam, me ya yi haka?"

"Tanki ne. Kullum haka yake yi."

"Wannan ai ajiyar zuciya ce. Irinta nake yi in tarin ya sake ni. Abin nan numfashi yake nema, wa ya toshe masa hanci?"

Ila ya juya murfin a hannunsa. Ni ma na leƙa. A tsakiyarsa akwai wata 'yar huda kamar ta allura, an liƙe ta tsaf da kakin zuma. Na gane kakin, don nawa ne, wanda nake goga wa zare. Tun ranar da aka kawo jirgin ya zo ya gutsura, ban tambaye shi na mene ne ba. Ashe hancin nan ne ya jiyo warin fetur na fita ta hudar, shi kuwa ba zai iya barci ba mai na tserewa. To hudar ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Da ya toshe ta, in an ɗan yi tafiya sai man ya ƙi sauka, in ya buɗe murfi iska ta shiga ya sauka. Wata guda da rabi yana farautar ɓarawo, ɓarawon na cikin rigarsa!

Na ce, "La ilaha illallahu! Ila, har Kongolam a keke!"

Ya ce, "Tela, in ka faɗa wa mutane ban yafe ba."

Hajo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Shekara talatin ina faɗa maka rowa za ta kashe wani abu a gidan nan."

Na zare allura daga wuyan rigata na miƙa masa. Ya tsokale kakin, kuma don ku san Ila ne, bai yar ba, ya dunƙule shi ya maido mini. Ya murza inji. Jama'a, jirgin nan ya tashi bai ƙara tari ba. Muka zaga tafkin, muka sake zagawa, shanu na watsewa a gaɓa, mayafin Hajo na kaɗawa. Sai na ji tana wata waƙa da harshen mutanensu, wadda ban taɓa jin ta yi ba duk zamanmu na maƙwabtaka. Rana ta take, muna ta zagaye. Na dubi allurar mai na ga ta kwanta, na taɓa shi.

"Ila, mai fa na ƙarewa."

Bai ko waiwayo ba. Idonsa na kan matarsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Bar shi ya ƙone, Tela. Don wannan aka yi shi."

Sai da tanki ya bushe ƙaf, muka fito da farantin ɗanwake. Hajo ce ta karɓa ta nuna mana yadda ake tuƙi, tana ce mana 'yan tudu.

Ba ta ga damina ta gaba ba. Ila bai ƙara sa jirgin a ruwa ba, bai kuma sayar ba, ko da aka yi ta taya shi. Kaji dai suka samu, kamar yadda Alhaji ya ce. Amma har ya koma ga Allah, duk Juma'a sai ya zo shagona ya ari allura, ya je ya tsokaci hudar nan don kada ƙasa ta toshe ta.

Allah ya jiƙan Malam Ila, ya jiƙan Hajo. Ya yalwata musu kabarinsu, ya haɗa su a inda ƙoramu ke gudana ba sa janyewa da kaka. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.