Ƙeyar Kawu Tong

Duk wanda ya zauna a dogon benenmu na gwamnati a unguwar Kwun Tong ya san takun Kawu Tong kafin ya san fuskarsa. Ƙafa ɗaya ta taka, ɗaya ta ja, daga bakin lif zuwa ƙarshen baranda, ya juyo, ya koma. Cikakken sunansa Fok Yiu-tong. Ya haura saba'in, amma har yau ba a ƙera kujerar da za ta riƙe shi ya shanye kofin shayi ba. Matarsa, Inna Lai-ha, ta ce ko ranar aurensu sai da wani ya riƙe masa gefen riga.

Sana'arsa a da faɗuwa ce. In jarumin fim ya zo wurin da za a jefo shi daga bene, ko a buga shi da bango, sai ya koma inuwa a yi masa fifita, a cire rigarsa a sa wa Tong. Tong ya faɗo, jarumi ya dawo ya kwanta a wurin ya yi nishi, 'yan mata su yi kuka a silima. Masu wannan aiki suna da doka biyu da ake koya wa yaro tun kafin a koya masa tsalle. Ta farko, kada kyamara ta ga fuskarka. Ta biyu, in ka sauka ƙasa, ko ƙashinka ya fito waje, kada ka motsa sai darakta ya ce a tsaya.

Dokar farko ta bi shi har gida. Je ka duba hotunan da ke bangon ɗakinsu. Hoton auren 'yarsa: amarya, ango, Inna Lai-ha da sabuwar riga, sai kunne ɗaya da ƙeya. Hoton sabuwar shekara: ƙeya. Da aka je yi masa katin shiga mota na tsofaffi, sai da mai hoto ya sa matar ta tallafe masa haɓa kamar jariri.

A duk finafinan da ya faɗi a ciki, ɗaya ne bakinsa bai gajiya da shi, wani tsohon fim na gidan yari. Ya ce a ciki ya diro daga hawa na uku, babu igiya, babu katifa, ya sauka kan teburin wanki, tebur ya rabu biyu, ƙugunsa ma ya rabu. Daga nan ƙafar ta fara ja. Wannan labari mun ji shi a lif, mun ji shi a layin asibiti, mun ji shi a gidan shayin da ke ƙasan bene, inda Chiu Bing mai aski yake zaman jiransa kullum kamar kyanwa a bakin rami.

"Yaya Tong, jiya hawa uku ne. Yau nawa muka kai?"

"Uku ne tun kana tsotsar yatsa."

"Ni fa na ga fim ɗin nan a ƙuruciyata," in ji Bing. "Mutum-mutumin tsumma suka jefo. Har auduga na gani tana fita ta wuyan riga."

"Kai da ba ka ganin kunnen mutum sai ka yanke shi, ina ka ga auduga?"

A yi dariya, Tong ya bar rabin shayinsa ya fita zagaye.

Abin da ba kowa ya sani ba, Kawu Tong bai taɓa ganin fim ɗin ba. Lokacin da aka haska shi yana kwance a asibiti da ƙarfe a ƙugu, kafin ya tashi an sauke shi, don bai yi kasuwa ba. Daga baya kaset ya fito, ya ƙi saya. Aka ce yana cikin waya, ya ce idonsa ba ya son ƙaramin allo.

Sai ga wata ma'aikaciyar jin daɗin tsofaffi, ba ta san dawar garin ba, ta manna takarda a bakin lif: ranar Asabar da yamma za a nuna wannan fim a zauren ƙasa, don karrama maƙwabcinmu. Za a ba da shayi da biredi.

Daga ranar takun baranda ya ninka. Mai gida na ƙasa da su ya hau ya yi ƙara. Inna Lai-ha ta zuba kunun shinkafa, ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa.

"Tsoho, zauna ka ci ko in ba kifin cikin kwalba."

"Ba na jin yunwa."

"To faɗa mini abin da ke cizonka."

Ya tsaya a bakin taga, ya juya mata ƙeya. Ya ce ran nan, yana tsakiyar iska, wani haske ya ɗauke masa ido, yana jin kamar ya waiga wajen kyamara. Bai tabbata ba. Darakta bai ce komai ba, don ana ta neman motar asibiti. Shekara da shekaru ke nan yana juya abin.

"In fuskar ta fito, bakin Bing ya mutu," in ji ta. "Ba abin da kake so ke nan ba?"

"In ta fito, na ɓata aiki. Duk wanda ya san sana'a zai ce Tong ya yi wa jarumi satar fuska. Malamina zai juya a kabari."

"In ba ta fito ba fa?"

"Na zama maƙaryacin gidan shayi."

"Gaba kura baya sayaki," in ji ta, ta ɗauke kwanon. "Ni dai kunu ba zai ga wuta sau uku ba."

Ranar Asabar zaure ya cika har da masu keken guragu. Bing ya rufe shago ya zo ya kama kujerar gaba, ya sa sabon tabarau, wai gani ya kori ji. An ajiye wa Kawu Tong kujera mai jan ƙyalle a tsakiya. Bai ko kalle ta ba, ya tsaya a baya kusa da ƙofa, yana sauya ƙafa.

Fim ɗin, gaskiya ɗaya ce, labarinsa ba shi da kai ba shi da gindi. An kulle jarumi saboda laifin ƙanensa, ƙanen kuma bai sake fitowa ba, kamar ƙasa ta haɗiye shi. Fursunoni duk sun sha gyaran gashi, wanda ya sa Bing ya ce ko a shagonsa ba a samun wannan. Shugaban gandirobobi mugu ne ba dalili, in ya buga ƙofa sai bangon kurkukun duka ya girgiza, don katako ne aka shafa wa toka. An sari jarumi a hannun hagu, da gari ya waye ɗaurin yana dama. Jinin kuma irin miyar barkonon da ake zuba wa taliya. Wata tsohuwa ta ce wani fursuna mai gashin baki ya mutu ɗazu, ga shi kuma yana rabon shinkafa.

Amma da aka shiga faɗan ɗakin girki, zaure ya yi tsit. Nan babu wasa. Ludayi, murfin tukunya, sandar ɗaukar ruwa, komai ya zama makami, kyamara kuma ta tsaya wuri ɗaya ba ta yanka, kana ganin mutum ya ci duka ya kife a kan siminti na gaske. Wani ya zame kan jiƙaƙƙiyar shinkafa, kansa ya bugi murhu, tsofaffi suka dafe nasu kawunan. Masu biredi a hannu suka manta da shi.

Can aka jefo wani gandiroba daga hasumiya. Wannan kam ko makaho ya san tsumma ne, ƙafafunsa sun naɗe ta baya kamar wando a igiyar shanya. Zaure ya kwashe da dariya. Bing ya waigo.

"Yaya Tong, sannu da sauka. Ka ji ciwo?"

Tong ya sauya ƙafa. Hannunsa na kan marfin ƙofa.

Sai ga ɗakin wanki. Jarumi a hawa na uku, an matse shi a jikin ƙarfen baranda, mutum huɗu a kansa. Ƙarfen ya ɓalle. Jiki ya taho, ya juya sau ɗaya a iska, hannu ya rufe gefen kai, ya dira kan tebur. Ƙarar ba irin ta sauran fim ɗin ba ce. Tebur ya buɗe biyu, jikin ya kwanta rub da ciki a cikin jiƙaƙƙun zannuwa, kyamara ta daɗe a kansa, ko yatsa bai motsa ba. Fuska kuwa, babu. Baƙin gashi da ƙeya.

Bing ya miƙe ya juyo ga jama'a, yana goge tabarau.

"Kun gani ko? Ina ɗan Adam zai faɗo haka ya kwanta shiru? Ko kare ne sai ya shure. Wannan tsumma ne, sai dai sun fi ɗinka shi da kyau."

Duk aka waiga baya, ana jiran tsoho ya fashe. Sai aka ga ya saki ƙofa. Ya ratso tsakanin kujeru yana jan ƙafa, ya zo kujerar nan mai jan ƙyalle, ya zauna. Ya ɗauki shayin da ya huce ya shanye tas.

"Sake faɗa, Bing. Bai motsa ba?"

"Ko kaɗan."

"Fuska fa?"

"Tsumma yana da fuska ne?"

"Madalla," in ji Kawu Tong, ya miƙa hannu ya ɗauki biredin Bing ya gutsura.

Har fim ya ƙare yana zaune, abin da ba a taɓa gani ba. Ko da jarumi ya fasa bangon katako da naushi ɗaya ya fita, ba wanda ya kalla, shi ake kallo.

A lif, su biyu, Inna Lai-ha ta ce, "Ni na ga fim ɗin tun kana asibiti. Ni kaɗai na je, na zauna a layin baya."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka tambaya? Kai ne mana. Jan zaren da na karɓo a gidan bauta na ɗaura maka a idon sawu, yana nan a ƙafar hagu, wando ya ɗage. In ka ga dama gobe in sa yarinyar nan ma'aikaciya ta tsayar da hoton, in kamo Bing da kunne in nuna masa."

"Kada ki soma. Bar shi da tsummansa."

Lif ya wuce hawa biyu, ya wuce uku.

"Tsohuwa, zaren ya fito sosai?"

"Ja wur."

"Jarumin ba shi da zare a ƙafa."

"To sai me?"

Ƙofa ta buɗe, ya riga ta fita. Bai nufi ɗaki ba, ya miƙe baranda.

Yanzu a gidan shayi Kawu Tsumma ake ce masa, yana kuma amsawa da fara'a, har yakan saya wa Bing shayi. Ma'aikaciyar nan ta manna hoton taron a bakin lif: tsofaffi a jere suna murmushi, a tsakiya kujera mai jan ƙyalle, a kanta kunne ɗaya da ƙeya. Mai gida na ƙasa da su kuma ya sake hawa ƙara, ya ce takun ya dawo, har ya fi na da sauri.