Dogo Ya Bar Ni da Bakin Katako Ɗaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranka, Dogo, abokina na ɗaukar kaya a injin yanka katako.

Aikinmu na mutum biyu ne, kowa da bakin katakon da yake kamawa. Kullum kai ke kama wajen nauyi, kana tsokanata wai gajere ba ya ɗaukar gindin itace. Ranar da ƙusa ta huda mini ƙafa, kai ka goya ni har bakin titi.

Shekaru kana fama da ƙuraje masu ruwa a gabanka. Su fito, su fashe, su bushe da kansu. Duk sanda suka bushe sai ka ce maganin mai talla ya yi aiki, ka saya wa wasu ma. Sai da rama ta kama ka likita ya gaya maka cewa irin waɗannan ƙuraje lafawa suke yi, ba sa barin jiki, kuma miki a wannan wuri ƙofa ce ga ƙanjamau. A lokacin ƙanjamau ta riga ta ci ƙarfinka.

Da wani ne, da ya yi gum. Kai kuwa ka miƙe lokacin hutun rana, garin katako a gashinka, ka faɗa wa mazaje komai. Ka ce, “'Yan'uwa, na san ba ni kaɗai ba ne. Duk mai ƙurajen nan ya je a gwada shi, ko don matarsa.”

Washegari bencinmu na cin abinci ya zama nawa da naka kaɗai, kofin randa ma aka ware maka. Abin ya yi maka ciwo, amma ba ka janye maganarka ba. Har ka kwanta kana tambayata ko wani ya je, alhali babu ko ɗaya da ya je.

Yanzu ni kaɗai nake cin abinci a bencin, kuma kewarka ta ishe ni. Jiya mai wasa zarto, wanda ya fara ƙaurace maka, ya zo ya tsaya a kaina, idonsa a ƙasa. Ya ce, “Wace ƙofa Dogo yake shiga a asibitin nan?” Na ajiye kwanona na raka shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka wadda ta yi jinyarka ba ta gaji ba, da 'ya'yanka mata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.