Babban yatsan Goggo

Goggo mai wankau ta yi shekara talatin tana dirzar kayan mutane a tsakar gidan haya, tsakanin famfo da igiyar shanya. Hannun nan nata, in kun gani sai kun kau da kai. Sabulu da bilic sun cinye shi tas, cikin yatsun sumul kamar bayan cokali.

Ita ko a jikinta, sai da zaɓen wancan karon ya zo. Ta bi layi tun safe, ta ɗora babban yatsa a na'ura har sau bakwai, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Ma'aikaciyar zaɓe ta ce, "Mama, zanen yatsanki ya goge." Haka ta dawo gida, kowa da tawada a farce ban da ita.

Abin ya tsaya mata a rai. Ba wani ɗan takara take mutuwar so ba fa. Cewa take, "Ni dai a ƙirga da ni sau ɗaya kafin in mutu. Ko tsumman mutane ai ina ƙirga su."

Saura kwana arba'in zaɓen bana ta ba yatsan hutu. Ta shafe shi da mai, ta naɗe da ƙyalle, ta ɗaure da leda. Wanki da yatsu tara! Zannuwan gado suka ƙi fita, matan gida biyu suka janye kayansu. Ta ce su je.

Mai guga, maƙwabcinta, kullum sai ya tsokane ta.

"Goggo, ya jaririn naki? Ya fara haƙori?"

"Ya fi ka hankali, ɗan banza. Ja can, kar ka ƙona rigar mutane."

Ranar zaɓe ta kwance ƙyallen a bakin taga. Wallahi zanen ya dawo, siriri, kamar gashin jinjiri. Ta sa atamfarta mai kyau, ta tafi da yatsa a sama kamar mai ɗauke da ƙwai.

Awa huɗu tana layi cikin rana. Ta ɗora yatsa, na'ura ta yi ƙara, hotonta ya fito. Goggo ta yi dariya har da hawaye. "Ta gane ni!"

Ma'aikaciyar ta buɗe rajista, ta bi layi da biro, sai ta ɗago kai.

"Mama, ai kin riga kin yi."

"Na yi me?"

"Zaɓe. Ga shi an dangwala a sunanki."

"'Yar nan, dubi farcena. Akwai tawada?"

Ma'aikaciyar ta kalli wani mai baƙin tabarau da ke zaune a gefen tebur, ta sunkuyar da kai. 'Yan baya suka fara, "Tsohuwa, a ba mu wuri mana!"

Goggo ta ce a bar ta ta gani kawai. Ta leƙa. Shatin yatsa ne ƙato a rajistar, zanensa raɗau, irin na wanda bai taɓa wanke ko hankici ba.

Da ta shigo gida mai guga ya buɗe baki zai tsokana, ya ga farcen, ya maida kai kan gugarsa. Ta cire atamfar ta ninke. Ta jawo baho, ta zuba bilic, ta tsoma hannu, yatsu duka goman.