Mitar Baba a Bakin Rariya

A layinmu na Sabangali gidanmu ne ya fara samun dush, wankan da ruwa ke zubo maka daga sama ba sai ka ɗauki bokiti ba. Baba ya sa aka yi shi a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da cinikin fatu a Farcha ya ɗan buɗe masa. Har maƙwabta yake kira su leƙa. Abin da bai lissafa ba shi ne, bututun da aka binne siriri ne, kuma a gidan akwai Inna da gashinta.

Gashi kam Allah ya ba Inna. In ta tsefe kitso har gadon baya yake sauka. Wajen matan Larabawa maƙwabtanmu ta koyi sa shebe, garin nan mai ƙamshi da ake kwaɓawa da man karkar a cusa wa gashi. Ranar da ta wanke kai, garin da man da gashin da ya kaɗe duk rariya suke nufa, su dunƙule a ƙarƙashin murfi, ruwa ya tsaya har idon sawu.

Sai Baba ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauko turnabis, abin kwance ƙusa, da wata waya da ya lanƙwashe bakinta kamar ƙugiya. Murfin na ƙarfe ne mai huji-huji, ƙusoshi biyu ke riƙe da shi, ɗaya ta yi tsatsa, sai an danne da ƙarfi take juyawa. Ya tsuguna ya kwance, ya zura wayar, ya jawo curi baƙi ƙirin. Mita kuwa tun daga ɗauko turnabis ake fara ta. Wai shi yana wuni a Farcha yana fama da gashin awaki, ya dawo gida kuma ga na mutane. Wai wata rana zai sa almakashi ya huta. Inna daga madafa take ba shi amsa, cewa lokacin da yake zarya ƙofar gidansu ai ba ta ji ya yi ƙorafin gashi ba. Mu yara mu yi ta ƙyaƙyata dariya. Duk da mitar, bai taɓa jefa gashin a bola ba. Ɗauraye shi yake yi ya binne a gindin dalbejiya, ya ce gashin mutum ba shara ba ne.

Ina aji na ƙarshe a sakandare taifot ya kwantar da Inna. Ta daɗe a asibiti, ta dawo a rame, sai gashin ya fara zuba. In ta shafa kai sai ya biyo tafin hannu. Likita ya ce haka zazzaɓin nan yake yi, zai sake tsirowa, ita ma sauƙi take samu. Ta ji da kunne kawai.

Baba ya sauya tsari. Da zarar ta fito wanka sai ya sulale ya shiga, ya kwance murfin a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara, ya kwashe abin da ya taru ya ƙunsa a leda ya sa a aljihu. Ruwa bai sake tsayawa ba. Mita ma ba a sake ji ba. Gidan ya yi tsit, ni kaina na tsani shirun nan.

Inna ta rage cin abinci. Ta fara nuna mini inda take ajiye kaza da kaza, da yadda zan riƙa auna wa ƙannena tuwo. Rannan ta buɗe akwati ta miƙo mini zannuwanta na fita, ta ce in riƙe. Nan na gane shirin barin duniya take yi.

Wata la'asar ta tare Baba yana fitowa, turnabis a hannu.

"Malam, me likita ya gaya maka da ba ka gaya mini ba?"

Ya rantse babu komai.

"To me ya sa ka daina mita? Ba a lallaɓa mutum haka sai in an fid da rai da shi."

Bawan Allah, shi a ganinsa kare ta yake yi, ashe shirunsa ne ke cinye ta. Washegari ya gwada yin mitar, ya ɗaga murya yana zancen awaki, amma ko ƙaramin ƙanena ya ji ba ta kai zuci ba. Inna ta ɗaga masa hannu ta ce kalas, ya isa haka, ya bar shi. Wallahi na tausaya masa.

Daga ranar ya mai da turnabis cikin kwali bai ƙara taɓa murfin ba. Lokaci ya ja. Gashin ya fara tsirowa kamar na jariri, wata maƙwabciyarmu Balarabiya ta riƙa shigowa da shebe tana damƙa mata shi a ka ko tana so ko ba ta so. Inna dai ba ta ce a mayar da zannuwan akwati ba, kuma har yanzu tsakurar abinci take yi.

Sai wata Juma'a, Baba ya makara masallaci, ya faɗa wanka a gurguje. Can muka ji santsi ya ɗebe shi, gwiwarsa ta bugi bango, ruwa na tsalle. Ya fito da tawul yana ɗingishi, sawunsa duk mai da garin shebe, yana neman turnabis yana faɗa da gaske. Wai wane irin gida ne wannan da mutum ba zai yi wankan Juma'a cikin mutunci ba. Wai shi ya gaji, gobe-goben nan almakashi zai sayo.

Inna na zaune a tabarma da kwanon kunu da ta ture gefe. Ta kasa kunne kamar mai sauraron rediyo. Hawaye ya zubo mata, tana dariya kafaɗunta na rawa. Ta ɗaga murya ta tuna masa zaryar ƙofar gidansu. Baba ya riga ya koma banɗaki, muka ji yana jan hanci, sannan ya ci gaba da mitar daga inda ya tsaya.

Ta jawo kwanon kunun ta shanye tas, ta goge baki, ta dube ni.

"Ke, maido mini da zannuwana. Ba ki isa ɗaura su ba tukuna."