Tambayar da Na Soke a Gasar Lissafi

A bana aka naɗa ni alƙalin gasar lissafi ta makarantun 'yan mata na yankinmu. Ban nema ba, tsufa a aikin koyarwa ne ya jawo mini. A zagayen ƙarshe ɗalibai biyu suka rage, ɗaya daga garinmu Birnin Kudu, ɗaya daga Zandam ta Gwaram. Wadda ta yi nasara ita za ta wakilci yankin a Dutse.

Makinsu ya zo daidai, sai mai gabatarwa ya rubuta tambayar raba gardama a allo: 6 ÷ 2(1+2). Ta Birnin Kudu ta ce tara. Ta Gwaram ta ce ɗaya.

Dukansu sun tara abin da ke cikin baka sun sami uku. Ta farko ta bi daga hagu zuwa dama: ta raba shida gida biyu, ta ninka da uku. Ta biyu ta ɗauki biyun da ke manne da baka a matsayin abu guda da shi, ta fara ninka su, sannan ta raba. Hanyar farko nake koyarwa a aji, amma a jami'a da ta biyu muke karanta irin wannan rubutu, kuma ban taɓa tsayawa na sasanta su ba.

Malamin Gwaram ya ɗaga kalkuletarsa. "Ranka ya daɗe, ga ta nan, ɗaya ta ce."

Malamarmu ta ɗaga wayarta. "Tawa tara ta ce, Malam."

Malamin Gwaram ya ce, "Ai dole, Hajiya, a garin nan take shan caji."

Aka yi dariya, ban yi ba. In na ce tara, za a ce na bi gida. In na ce ɗaya, na ƙaryata abin da nake koyarwa. Babban baƙo kuma ya aiko a raɗa mini cewa zai wuce Kano. Na miƙe na ce rubutun tambayar bai fayyace abin da ake nufi ba, don haka na soke ta. Aka kawo wata, ta Birnin Kudu ta riga ta amsawa.

Har yanzu ina ganin hukuncin daidai ne, sai dai ina tambayar kaina ko don gaskiya na yanke shi ko don gajiya.

A bakin motarsu yarinyar Zandam ta rusuna ta gaishe ni.

"Malam, in ta fito a jarrabawa, wacce zan rubuta?"

"Rubuta tara, ita masu duba takarda suka fi sani. Amma ba ki yi kuskure ba."

Sai ta ce, "To a gida me zan ce wa Baba? Ya riga ya gaya wa mutane zan je Dutse."

Na ce ta ce masa alƙali ne ya soke amsarta. Ta ce to, ta shiga mota.